Yadda Kwamfuta Mai Allon Launi Ta Iso Ƙasar Gwiwa

Babu ɗan ƙasar Hausa da za a koya wa abin da a ke kira allo. Itace ne masassaƙi ya ke ferewa ya daidaita, almajiri ya rubuta karatunsa a kai da tawada, in ya haddace ya wanke ya rubuta wani. Ba shi da nauyi, har yaro ƙarami yana iya rataye shi ya yi tafiya daga gari zuwa gari. Saboda haka da kwamfuta ta shigo ƙasar nan, mutane suka ga fuskarta inda rubutu ke fitowa ya ɓace wani ya maye gurbinsa, ba su sha wahalar neman suna ba, sai suka ce allo. Ita kuwa ƙaramar kwamfutar nan da a ke rufewa kamar littafi a sa cikin jaka, waɗansu suka sa mata suna kwamfutar cinya, waɗansu suka ce tafi-da-gidanka.

Yau duk wanda ya buɗe irin wannan na'ura ya ga ja da kore da shuɗi, ba ya ko ɗaga gira. Amma da ba haka allon ya ke ba. An daɗe ana fama kafin a sami launi a kansa, da aka samu kuma aka sake daɗewa kafin talaka ya sa shi a ido.

Gwiwa tana cikin ƙasar Sarkin Kazaure, watau masarautar da Ɗan Tunku ya kafa a zamanin jihadi. Tana can arewa maso yammacin Jihar Jigawa, kan iyaka da Jihar Katsina. Mutanenta manoma ne da makiyaya, masu gero da dawa da gyaɗa da wake. Ran 27 ga Agusta 1991 aka cire Jigawa daga Jihar Kano, aka mai da Dutse babban birninta, ƙasar Gwiwa ta faɗa cikin sabuwar jiha. Bayan wannan da shekara guda da 'yan makonni, ran 5 ga Oktoba 1992, wani kamfanin Amurka da a ke kira IBM ya fito da wata kwamfutar cinya mai allon launi, sunanta ThinkPad 700C. Ashe ke nan jihar da na'urar tsara ne. Duk da haka sai da aka yi kusan shekara 20 kafin manomin Gwiwa ya tsaya gaban irinta.

Tun farko ita kwamfuta ba abar ɗauka ba ce. Waɗanda aka fara ƙerawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ɗaki guda su ke cikawa. Aka yi ta rage su har suka zama na ɗorawa kan tebur. Cikin 1981 aka fito da wata mai suna Osborne 1, aka ce ta tafiya ce. Nauyinta ya kai kilo 11, kamanninta kamar akwatin keken ɗinki, allonta kuwa inci 5 kaɗai, bai fi tafin hannu da yawa ba. Wanda ya ɗauke ta ya san ya yi dako. Cikin 1985 kamfanin Toshiba na Japan ya fito da T1100, wadda ta ke aiki da batir, ana kuwa iya ɗora ta kan cinya da gaske. Sai dai allonta toka-toka ne, rubutu baƙi, kamar fuskar agogon hannu mai lamba.

Abin da ya hana launi zuwa da wuri shi ne gilashin. Akwatin talabijin na da yana nuna launi tun tuni, amma da wani ƙaton tulun gilashi mai nauyi da cin wuta ya ke yin haka, wanda ba ya shiga jaka. Dole sai an nemi wata dabara dabam.

Asalin dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Cikin 1888 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya, Friedrich Reinitzer, yana binciken wani sinadari sai ya ga abin mamaki. In ya ɗora shi kan wuta yakan narke ya zama ruwa mai gurɓi, in ya ƙara wuta sai gurɓin ya washe ya koma garau, kamar dai abin ya narke sau biyu. Masana suka gane cewa akwai wani hali tsakanin daskararre da ruwa: abin yana gudana kamar ruwa, amma ƙwayoyinsa suna jere cikin sahu. Aka ajiye wannan sani shekara 80 ba a san abin da za a yi da shi ba. Sai cikin 1968 injiniyoyin kamfanin RCA na Amurka suka nuna wa duniya cewa in an sa irin wannan ruwa tsakanin gilashi biyu aka taɓa shi da lantarki kaɗan, sai ƙwayoyin su juya, hasken da ke ratsawa ya canja. Amurkawa ne suka gano, amma mutanen Japan ne suka ci moriyar abin. Cikin 1973 kamfanin Sharp ya sa irin wannan allo a na'urar lissafi ta aljihu, daga nan ya bazu cikin agogo.

To, ga yadda a ke samun launi. A bayan allon akwai fitila fara mai siririn jiki. A gabanta an raba gilashin gida-gida, ƙanana ƙwarai, kowane gida ɗigo ɗaya. Allon kwamfutocin wancan zamani yana da ɗigo 640 a kwance, 480 a tsaye, watau 307,200 ke nan. Kowane ɗigo kuma an raba shi taga uku, ɗaya ja, ɗaya kore, ɗaya shuɗi. In aka buɗe duka ukun ido ya ga fari, in aka rufe duka ya ga baƙi, in aka buɗe ja da kore aka rufe shuɗi ya ga rawaya. Haka a ke haɗa kowane launi, kamar yadda marini ya san yawan tsomawar da za ta ba shi shuɗi mai haske da wadda za ta ba shi baƙi wuluk. Tagogin nan in an ƙidaya su 921,600 ne, kowace kuwa dole a ba ta umurni sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya.

Wajen ba da umurnin nan aka rabu hanya biyu, kuma duk wanda ya so sayen kwamfutar launi a wancan lokaci sai ya zaɓi ɗaya. Hanya ta farko mai sauƙin kuɗi ce. Ana shimfiɗa wayoyi sirara a tsaye da kwance, kamar zaren tsaye da abawa a masaƙa, lantarki yana bin layi ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya gama zagayawa ya dawo, tagogin farko sun soma saki. Don haka launin yakan fito a koɗe kamar zanen da ya sha wanki, in mutum ya karkata kaɗan sai hoton ya dushe. In kuwa aka motsa 'yar kibiyar nan mai nuni da sauri, sai ta ɓace ɗungum, mai aiki ya tsaya yana nemanta. Abin ya dami mutane har aka sa wa Windows 3.1, wadda ta fito cikin 1992, wata dabara ta sa kibiyar ta riƙa jan wutsiya a bayanta don a gane inda ta nufa. Araha dai ba ta ado.

Hanya ta biyu ita ce a ba kowace taga nata mai tsaro, wani ɗan makunni da a ke kira taransista, wanda zai riƙe ta a buɗe ko a rufe har umurni na gaba ya zo. Wannan allo launinsa tas ya ke, ba ya jan ƙafa. Amma sai an shuka taransista 921,600 a kan gilashi guda, ba tare da ƙura ko ƙwaya ɗaya ta faɗa ba. In ɗaya ya mutu, sai a ga ɗigo ja ko kore ya tsaya cak a tsakiyar allo, ba ya gushewa har abada. A shekarun farko gilasan da a ke zubarwa a masana'anta suna da yawa, kuɗinsu kuwa a kan mai saye ya ke komawa. Kusan dukan masu yin irin wannan gilashi a Japan su ke. Har IBM kansa sai da ya haɗa jari da Toshiba suka kafa masana'anta a can. Cikin 1991 gwamnatin Amurka ta ɗora wa gilasan Japan harajin kusan kashi 63 cikin 100, wai don ta kare masu ƙira na gida. Sai kamfanonin kwamfuta suka kwashe aikin haɗawa suka kai waɗansu ƙasashe, gama harajin a kan gilashi zalla ya ke, ban da kwamfutar da aka riga aka haɗa. Cikin 1993 aka janye shi.

Kamfanin NEC ya riga ya fito da kwamfutar ɗauka mai launi tun 1989, Toshiba da Compaq su ma suka fito da nasu, amma ThinkPad 700C ita ce ta yi suna. Baƙa ce ƙirin, mai kusurwa huɗu, wani Bajamushe mai suna Richard Sapper ya zana siffarta, ya kwaikwayi akwatin abincin da mutanen Japan ke tafiya da shi wurin aiki. Allonta inci 10.4 ne, na hanya ta biyu, a lokacin kuwa wannan babba ne ƙwarai. A tsakiyar maɓallan rubutu akwai wani ɗan jan tsinke kamar kan ashana, da shi a ke tura kibiya da yatsa ɗaya. Nauyinta wajen kilo 3 da rabi. Kuɗinta Dala 4,350. Mutane suka yi ta rububi har kamfanin ya kasa ƙera yawan da a ke nema. Cikin Disamba 1993 ƙanwarta, ThinkPad 750, ta shiga kumbon Endeavour tare da waɗanda suka tafi sama gyaran babban madubin hangen taurari na Hubble.

Sai a auna wannan kuɗi da ma'aunin gida. A ƙarshen 1992 Dala ɗaya ta kusa Naira 20 a farashin gwamnati, watau na'urar ta haura Naira 80,000 tun kafin a biya jirgi da kwastan. Mafi ƙarancin albashi kuwa, wanda aka yanka cikin 1991, Naira 250 ne a wata. Masinjan ofis a Gwiwa ko Roni, in da zai tara albashinsa duka, bai ci ba bai sha ba, bai ɗinka wa iyali ko ɗankwali ba, sai ya yi fiye da shekara 25 kafin ya tara kuɗinta. Kafin nan kuwa ta daɗe da zama tsohon yayi.

Me mai ita ya saya da wannan dukiya? Ƙwaƙwalwar aikinta megabait 4 ce, rumbun ajiyarta megabait 120. Hoto ɗaya da wayar hannu ke ɗauka yanzu yakan kai megabait 3 ko 4, ashe da hoto 40 rumbun ya cika. A jikinta akwai kafar sa wani ɗan faifai mai kusurwa huɗu wanda ya ke ɗaukar megabait 1.44. Hoton wayar yau ko ɗaya ba zai shiga cikinsa ba, amma rubutu zalla yana cin littafi mai shafi 500. Wannan ya nuna irin aikin da a ke yi da ita: wasiƙa, lissafin kuɗi, rahoton ofis, da zanen jadawali mai launi wanda ma'aikaci zai buɗe gaban manyansa. Kallon fim da sauraren waƙa ba su cikin lissafi tukuna. A gaskiya rabin amfanin launin a idon jama'a ya ke. Wanda ya buɗe ta a cikin jirgin sama ko ɗakin taro, sai kowa ya miƙo wuya, kamar yadda a ke yi wa mai sabon doki ran hawan salla.

Babbar wahalar mai ita batir ne. Tagogin launin nan suna tare yawancin hasken fitilar, saboda haka dole fitilar ta yi ƙarfi fiye da ta allo mai baƙi da fari, ƙarfin nan kuwa daga batir ya ke fitowa. Kamfanin Apple ya fito da tasa mai launi ta farko, PowerBook 165c, cikin Fabrairu 1993, masu ita suka yi ta kukan cewa da ƙyar batirinta ke wuce sa'a ɗaya. Waɗansu kan kai sa'a biyu ko uku in an rage haske. Batiran zamanin kuma suna da wata ɗabi'a, in an saba cika su tun ba su ƙare ba sai ƙarfinsu ya riƙa raguwa. Don haka mai kwamfuta ba ya rabuwa da jaka mai nauyi: ga batir na biyu, ga igiyar caji da tubalinta, ga tarin faifai. Sai da batirin lithium, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa cikin 1991, ya shiga kwamfutocin cinya a tsakiyar shekarun 1990, sa'an nan aka ɗan sami sauƙi.

Duk wannan a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa ke nan. A Nijeriya ta Arewa waɗanda suka fara riƙe irin wannan na'ura ba su da yawa: malaman jami'a da suka komo daga karatu a waje, manyan ma'aikatan banki, da baƙi masu aikin taimako ko binciken noma. Su kuwa sun gamu da abokan gaba uku waɗanda masu ƙira ba su yi shiri da su ba. Na ɗaya wutar NEPA, mai zuwa sa'ad da ta ga dama, wani lokaci da rauni, wani lokaci da ƙarfin da zai ƙone igiyar caji. A nan kam kwamfutar cinya ta fi ta tebur, gama in wuta ta ɗauke ta tebur takan mutu nan take da aikin da ba a adana ba, ita kuwa batirinta ya ba mutum damar kammalawa. Na biyu zafin bazara. Na uku ƙurar hunturu, wadda ke shiga kafar faifai ta lalata abin da ke karanta shi. In abu ya ɓaci, mai gyara sai Kano ko Kaduna, in gilashin ne ya fashe kuwa sau da yawa sai a haƙura, don kuɗinsa ya kusa rabin kuɗin na'urar. Ƙauyuka da yawa na ƙasar Kazaure a lokacin ba su da lantarki sam, ballantana a yi zancen caji.

Akwai kuma wata matsala wadda ta shafi duk mai rubuta Hausa. Tun cikin shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke riƙe da Hukumar Talifi a Zariya, aka tsai da haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, domin a bambanta ɓata da bata, ɗaki da daki, ƙafa da kafa. Maɗaba'ar Gaskiya ta buga littattafai da su shekara da shekaru. Sai ga na'ura ta Naira 80,000, mai nuna launi 256 a lokaci guda, ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba. Masu rubutu suka koma buga harafi ba lanƙwasa, waɗansu su bi da alƙalami suna lanƙwasawa bayan an buga a takarda, waɗansu su ɗora waƙafi a gaba ko a baya. Littattafan Hausa da yawa na shekarun 1990 haka suka fito, mai karatu yana cankar ma'ana da kansa. Abdalla Uba Adamu, malami a Jami'ar Bayero ta Kano, yana cikin waɗanda suka zauna suka ƙera wa kwamfuta haruffan nan da hannunsu, tun kafin manyan kamfanoni su waiwayi Hausa.

Abin da ya karya farashi daga gabas ya zo. Daga tsakiyar shekarun 1990 kamfanonin Koriya ta Kudu, su Samsung da LG, suka shiga yin gilashin, mutanen Taiwan suka biyo baya. Masana'antu suka gwanance, gilashin da a ke zubarwa ya ragu. Kafin shekara ta 2000 kwamfutar cinya mai baƙi da fari ta ɓace daga kasuwa, bayanta kuma allon nan mai koɗaɗɗen launi ya bi ta. Ofisoshin Turai da Amurka suka riƙa sauya na'urorinsu bayan 'yan shekaru, tsofaffin kuwa a loda su cikin jirgin ruwa zuwa Legas. Daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja su ke haurowa Kano. Yawancin 'yan Arewa da suka mallaki kwamfutar cinya, da irin wannan ta hannu suka fara.

A ƙasar Kazaure kuwa abin ya zo ta wata hanya da ba a zata ba. Cikin 1999, da mulki ya koma hannun farar hula, Ibrahim Saminu Turaki, mutumin Kazaure, ya zama Gwamnan Jigawa, ya riƙe har 2007. Mutum ne mai son sha'anin kwamfuta ƙwarai. A zamaninsa aka kafa makarantar koyon ilmin kwamfuta a Kazaure, da haɗin gwiwar wata makaranta ta ƙasar Singafo mai suna Informatics, har sunan ya bi ta a bakin jama'a. Mutane sun yi gardama a kai. Waɗansu suka ce jihar da ke fama da ƙarancin azuzuwa da rijiyoyi ba da kwamfuta ya kamata ta fara ba, waɗansu suka ce wanda ya jira sai komai ya daidaita ba zai taɓa farawa ba. Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, samari da 'yan mata na Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi sun sami wurin koyon wannan sana'a kusa da gida, a garin da ya riga ya ke da kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu. Cikin Agusta 2001 kuma wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, ƙasar da layukan tarhonta duka ba su kai rabin miliyan ba kafin nan.

An yi wani yunƙuri na kai kwamfutar launi hannun yaran talakawa kai tsaye. Cikin 2005 wani malamin jami'a a Amurka, Nicholas Negroponte, ya yi shelar zai ƙera kwamfutar Dala 100 domin 'yan makarantar ƙasashe matalauta. Aka ƙera ta, kore da fari, aka sa mata suna XO. Allonta abin yabo ne, gama an yi shi da tunanin ƙasar rana: a inuwa yana nuna launi, a cikin rana tsaka ya koma baƙi da fari a karanta shi kamar takarda. Cikin 2007 aka raba ta ga yaran wata makarantar firamare a Galadima, kusa da Abuja, don gwaji. Amma kuɗinta ya tashi ya kusa ninki biyu, wani kamfani ya kai ƙara kotu a Legas kan maɓallan rubutunta, miliyan ɗayan da aka yi zancen Nijeriya za ta saya kuma ba a saya ba. Girin-girin ya yi yawa, man bai fito ba.

Ranar da kwamfuta mai allon launi ta shiga ƙauyukan Gwiwa gaba ɗaya, ba attajiri ne ya kawo ta ba, ba kuma malamin makaranta ba. Hukumar zaɓe ce. Cikin 2010 aka naɗa Attahiru Jega shugaban hukumar, ya ce tsohuwar rajistar masu zaɓe ba abar dogara ba ce, sai an sake sabuwa. Aka sayo na'urori 132,000 daga kamfanoni uku, Zinox da Haier da Avante, domin rumfunan zaɓe kusan 120,000 na ƙasar duka. Kowace na'ura akwati ce, cikinta da kwamfutar cinya, da 'yar kyamara, da abin ɗaukar zanen yatsa, da injin buga kati, da batir na musamman saboda wuraren da ba wuta. Ran 15 ga Janairu 2011 aka fara. Matasa masu yi wa ƙasa hidima su ne aka ɗora wa aikin, suka bazu har mazaɓu irin su Korayel da Buntusu da Dabi da Shafe.

Kwanakin farko an sha wuya ko'ina cikin ƙasar. Abin ɗaukar yatsa ya yi ta ƙin karɓa, musamman yatsun da fartanya da lauje suka cinye zanensu, layi ya yi tsawo, batir ya ƙare rana tsaka. Sai da aka gyara tsarin na'urar aka kuma ƙara kwanaki. A ƙarshe aka rubuta mutum sama da miliyan 73. Tsoho da tsohuwa waɗanda ba su taɓa shiga ɗakin mai hoto ba suka zauna kan benci, yaro ya juyo musu da allo, suka ga fuskarsu da launin rawaninsu ko mayafinsu, ga sunansu a rubuce a ƙasa. Wanda ya iya karatu yakan duba ya ce an rubuta daidai ko a gyara. Wanda bai iya ba sai ya karɓi abin da aka ba shi, in an ɓata sunan ma ba zai sani ba sai ranar da aka neme shi cikin rajista.

Bayan wannan da shekara biyu abin ya taɓa 'ya'yansu. Cikin 2013 hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga jami'a, ta fara yin ta a kan kwamfuta ga wanda ya so, cikin 2015 kuma ta soke takarda da fensir ɗungum. Tun daga ran nan yaron da ya gama sakandare a Gwiwa, in yana son wucewa gaba, ko zuwa kwalejin Kazaure ko zuwa jami'ar fasaha ta tarayya da aka kafa a Babura cikin 2021, dole ya tafi cibiyar jarrabawa ya zauna gaban allo, agogo yana tafiya a kusurwarsa. Yaron birni da ya taso yana wasa da kwamfutar gidansu da yaron ƙauye da ya fara taɓa ta ran jarrabawa, tambaya ɗaya a ke yi musu, lokaci ɗaya a ke ba su. Saboda haka iyaye da yawa, in jarrabawa ta gabato, sukan sayar da akuya ko buhun gyaɗa su biya wa yaro kuɗin koyo na 'yan makonni a shagon mai kwamfuta.

IBM kuwa ya sayar da sashensa na ƙananan kwamfutoci ga kamfanin Lenovo na ƙasar Sin cikin 2005, sunan ThinkPad ya bi sabon ubangida. Har yanzu ana ƙera ta baƙa, da ɗan jan tsinken nan a tsakiyar maɓallai, kuma tana cikin waɗanda a ke samu na hannu a shagunan Kano, ɗalibi ya saya ya kai gida ya cika batirinta da farantin hasken rana.